Bafaranshen da Ya Ji Takona

Jikana ya tura ni a keken marasa lafiya muka shiga Harami bayan la'asar, sai na hango wasu 'yan ƙananan motoci masu aiki da lantarki suna zagaya Ɗakin Allah a bene, da tsofaffi zaune a cikinsu. Ba ƙara, ba gumi, ba mai ce wa wani ya kauce. Na tambaye shi ina 'yan shibriyya suka koma. Ya sunkuyo ya amsa mini da Larabci, don Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba, ya ce shi bai taɓa jin wannan kalma ba. Da kan nan nawa na ciyar da ubansa, da wuyan nan da yanzu ba ya juyawa, amma sana'ar ta mutu har sunanta ya bi ta. Da ita kaɗai ce ta tafi, da da sauƙi. Akwai abin da na aikata a cikinta wanda bai tafi ba, ban kuma faɗa wa kowa ba, har matata ta koma ga Allah ba ta sani ba.

A lokacin da nake magana unguwar Misfala ba dogayen otal-otal ba ce. Lunguna ne masu hawa da gangara, gidajen dutse masu tagogin katako a ƙasa kusa da Harami, mu kuma 'yan Takari muna can jikin tsauni a cikin sandaƙa, ɗakunan da muke haɗawa da garewanin kananzir da aka fasa aka miƙar. Da rana ɗakin tanda ne, in iska ta taso kuma ya yi ta kuka kamar zai tashi da mu. Da safe abin da kake fara ji garewanin masu ruwa ne, biyu-biyu a jikin sanda, suna karo da duwatsun hanya. Sai tafin mai tamis yana manna gurasa a bangon tandarsa, sai gurnanin tantabarun Harami, waɗanda ba mai taɓa su, sun fi mu gata nesa ba kusa ba. Da hantsi kuma gudumar masu sassaƙa dutse ce, don a shekarun nan ake faɗaɗa masallacin, ana rushe tsofaffin rumfuna ana ta da sababbi. Matan Jarwal, unguwar da dattawanmu suke, suna zaune a bakin hanya da farantan gyaɗa da ƙuli-ƙuli, hayaƙin tsire yana bin ka har ƙofar masallaci, ka ji Sakkwatanci a nan, ka ƙara gaba ka ji Kananci, kamar ba ka bar gida ba. Tsakar Haramin tsakuwa ce, in rana ta take sai wanda tafin ƙafarsa ya mutu yake iya tsayawa. Yanzu duk marmara ne mai sanyi, jikokina suna zaton haka duniya ta zo.

Shibriyya gado ne na katako mai ɗan shinge. Ana ɗora tsoho ko majinyaci, maza huɗu su ɗauka a ka da gammo, su yi masa ɗawafi da sa'ayi. Muna tafe muna cewa hashab, hashab, wato ga katako nan, jama'a su dare. Wanda bai sani ba yana zaton ƙarfi ne kawai. Shugabanmu Baba Sale, wani Bakatsine da ya tsufa a cikin aikin, yakan ce shi ba ƙato yake nema ba, mai tako yake nema. Na gaba a hannun dama shi ne mai goshi, shi yake ba da tako. Sauran ukun ba ƙafarsa suke kallo ba, a ƙoƙon kansu suke jin ta, ta cikin katako. In takonsa ya daidaita, wanda ke sama sai ya ji kamar a kan ruwa yake, ya samu ya yi addu'arsa. In ya karkace, duk ƙashin da ke ciwo a jikin majinyacin sai ya yi magana. Shekara uku ina goshi. A wurin shan shayi ni ake fara miƙa wa finjali bayan Baba Sale, kuma ina son hakan fiye da yadda ya kamata bawa ya so wani abu.

Amma ina da abin da nake ɓoyewa. A hanyarmu ta zuwa, da muka tsaya tsintar auduga a Sudan don neman guzuri, kurkunu ya fito mini a idon sawun hagu, ya warke ya bar jijiyar a ɗaure. Na koya wa kaina tafiyar da ido ba zai gane ba, ina ɗan daɗewa a kan ƙafar dama, kaɗan ƙwarai, ina kuma sa dogon wando. Mutum ɗaya ne ya sani, Ila, wanda yake bayana a shibriyya, don ɗaki ɗaya muke kwana, ya sha ganina ina gasa ƙafar da ruwan zafi. Ila mutumin Damagaram ne, dogo, mai yawan dariya. Ya yi aikin kuku a gidan wani Bafaranshe kafin ya taso, ya iya Faransanci irin na kicin. Mahaifiyarsa ce ta sa ya taso. Ta ce ba ta son ƙasar ko'ina ta rufe ta sai ta Makka, shi kuwa ya sayar da abin da ya mallaka ya kamo hanya da ita ta Cadi da Sudan, wani wuri a mota, wani wuri a jaki, wani wuri a bayansa. Kafin su iso idonta ya tafi. Inna muke ce mata dukanmu. Tana zaune a ɗan ɗakin da ke jingine da namu, tana ɓare wa masu talla gyaɗa da lalube, tana jiran ranarta ba gaggawa. Abu ɗaya take maimaitawa, cewa Ila ne zai sa ta a kabari da hannunsa. Ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, ni ma ba ni da ita, rabin unguwar haka muke. Shi ya sa muke da doka guda wadda ba a rubuta ba amma kowa ya san ta: duk abin da ya haɗa ka da ɗan'uwanka ka kai wa dattawa a Jarwal, ba a jawo hukuma gida.

Ana saura 'yan kwanaki azumi wani mutawwifi, mai kula da alhazai, ya aiko a kawo shibriyya gidan da ya saukar da baƙonsa. Muka tarar da Bature, tsoho, siriri, gwiwoyinsa sun kumbura. Mun saba da fararen Turkawa da mutanen Sham, amma wannan daban ne. Aka ce Bafaranshe ne, ya musulunta a ƙasar Maroko, sunansa Yusufu, zai zauna har bayan hajji. Larabcinsa na salla ne kawai. Da Ila ya gaishe shi da harshensu, tsohon ya kama hannunsa da hannu biyu ya ƙi saki. Ni hannuwan na fara lura da su. Jikinsa duk ya sauka, amma yatsun dogaye ne masu faɗin kai, kuma ba sa zama wuri ɗaya. Muna ɗawafi ina jin su a ƙoƙon kaina, suna ƙwanƙwasa shingen katakon a hankali, daidai da takonmu.

Rana ta huɗu, da muka sauke shi a inuwar rumfa, ya yi wa Ila magana yana nuna ni. Ila ya yi kamar bai ji ba, ya shiga gyaran gammonsa. Tsohon ya sake faɗa. Baba Sale yana wurin.

Ya ce, "Kai Ila, baƙo yana magana kana wasa da tsumma? Me ya ce?"

Ila ya dube ni, ya dubi ƙasa. "Baba, wai mai goshi yana jin ciwo a ƙafar hagu. Wai a tausaya masa a bar shi ya huta."

"Yana sama ya ga ƙafar?"

"Wai ba gani ya yi ba, ji ya yi."

Baba Sale ya sa na ɗage wando a gaban abokan aiki da masu shayar da Zamzam, ya latsa tabon da babban yatsa har na cije leɓe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce shekara uku ina wahalar da marasa lafiya a gaban Ɗakin Allah, shi kuma shekara uku kunnensa yana barci, kunyar ta mu biyu ce. Daga ranar Ila ya koma goshi, ni na koma baya a hagu, inda ake sa sabon shiga. A hanyar gida Ila ya yi ta ba ni haƙuri, ya ce ya so ya juya maganar amma tsohon bakinsa yake kallo. Na ce ba komai. Muka ci tuwo a kwano ɗaya, na yi masa dariya ma.

Daga nan tsohon ya roƙi a bar masa Ila kowane hantsi, ya yi masa tafinta, ya shafa masa mai a hannu. Ila yakan dawo da labari cike da baki, a wurin shayi a kewaye shi, finjalin farko ya zama nasa. A bakinsa muka ji ko wane ne muke ɗauka. Ashe makaɗi ne. Abin kiɗansa fiyano, wani akwatin katako da ya kai girman shibriyya biyu, mai haƙora farare da baƙaƙe a jere, kowane haƙori da muryarsa. Ila ya taɓa ganin irinsa a gidan da ya yi kuku, ya ce shi yake goge masa ƙura. An haifi tsohon a wani ƙaramin gari a bakin kogi, ubansa mai gyaran agogo. Tun ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba uwarsa ta ɗora shi a kujerar abin, tana tara masa littattafai ya zauna a kai. Yana ɗan yaro aka kai shi babbar makarantar kiɗa a birnin Faris, wurin wani malami mai ɗora masa maɓalli a bayan hannu, in ya faɗi a koma farko. Tun safe har yamma yana abu ɗaya, ba wasa, ba ɗaukar kaya mai nauyi, ko wuƙa ba a bari ya riƙe. Aka yi gasa ya zo na ɗaya tun gemu bai fito masa ba. Daga nan ya shiga duniya, jirgin ruwa, jirgin ƙasa, birni bayan birni, manyan ɗakuna cike da masu mulki da matansu.

Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne yadda ake sauraronsa. Ila ya ce ba rawa, ba guɗa, ba mai tashi ya manna masa komai a goshi, ko tari mutum zai yi sai ya danne. Ba ya wasa kowa, ba ya ambaton kakan kowa, ba ya roƙo. Kiɗan ma ba nasa ba ne, na waɗansu matattu ne da suka rubuta a takarda, shi haddacewa ya yi. In ya gama sai ɗakin duka ya miƙe tsaye ana tafi. Wani a cikinmu ya ce to wannan wane irin maroƙi ne, wanda sarakuna suke miƙe wa? Aka yi dariya. A garinmu makaɗi ba ya zama tabarma ɗaya da malami, ko 'ya ba kowa yake ba shi ba. Sai Ila ya ci gaba, ya ce yaƙin Turawa ya cinye masa ƙane da gida, ya koma yana kaɗa wa sojoji masu rauni a asibitoci. Bayan yaƙi ya koma manyan ɗakuna, sunansa ya fi na da. Wata rana yana tsakiyar kiɗa, ɗaki a cike, sai kansa ya zama fanko, abin da ya haddace shekara da shekaru ya ɗauke gaba ɗaya. Ya zauna hannu a sama, jama'a suna jira. Ya miƙe ya rusuna musu ya fita, bai sake komawa ba. Likita ya tura shi Maroko ya huta, aka sauke shi a gidan da ke bango ɗaya da masallaci, kullum yana jin masu karatu ta cikin bangon. Ya ce kunnensa ne ya fara musulunta, sauran jikin ya biyo baya.

Kowa ya ce Allahu akbar, ni ma na faɗa. Amma abin da ke cikina daban ne, ina kuma neman gafarar Allah a kansa. Na ce a raina, wannan ya sha tafi, ya kwana a gadaje masu laushi, ya ci duniya har ta gundure shi, da ya tsufa ya yi kalmar shahada aka shafe masa komai kamar jariri, yanzu ga shi a kanmu muna zagayawa da shi. Ni da aka haifa a cikin addinin, na taka ƙasa wata da watanni na zo, ina ƙasa ina haki, har ɗan goshin da na samu ya zo da kunnensa ya ƙwace. Shi kuma Ila, da 'yan kalmomin da ya tsinta a kicin, ya samu goshi, ya samu tsohon, ya samu masu sauraro. Har yatsunsa suka kamu da ciwon. Yana zaune sai ka ga suna tafiya a kan gwiwarsa, a kan faranti, a jikin garwa. Inna takan ji ƙarar ta ce, "Ila, ƙuma ce ta shige maka farce, ko kuwa ɓeran Baturen ne ya biyo ka gida?" Su yi ta dariya su biyu, ni ina kwance ta bayan langa-langa ina jin su.

Bayan ƙaramar salla Baba Sale ya aike ni in kira Ila, wani aiki ya taso. Na hau benen da tsohon ya sauka, ƙofa a buɗe. Suna zaune a ƙasa kusa da taga, a gabansu wani allo mai tsawon hannu ɗaya da rabi, da haƙoran nan farare da baƙaƙe. Tsohon ya rufe ido, yatsunsa suna gudu a kai yadda ban taɓa ganin hannun mutum ya yi ba, amma ba abin da ke fita sai ƙwas-ƙwas na katako. Ila ya bayyana mini cewa bebe ne, ba shi da murya, na tafiye-tafiye ne. Tsohon ya sayar da babban tun a Maroko ya riƙe wannan, don in bai motsa yatsun ba sai su sandare su hana shi ko riƙe carbi. Shi kuwa a cikin kansa yake jin kiɗan. Da ya buɗe ido ya gan ni, fuskarsa ta washe, ya yi wata doguwar magana.

Ila ya ce, "Wai in gaya maka tun da aka mayar da kai baya bai ji daɗi ba, ba haka ya nufa ba. Wai takona kamar agogon babansa yake, bayansa ya huta, amma naka ne mai waƙa a ciki. Ji nan, wai ga ka."

Tsohon ya buga allon, dogo, gajere, dogo, gajere. Ni ne kuwa, ko a mafarki na san wannan tafiyar. Suka dube ni suna murmushi su biyu. Yau na san alheri ya nufa. A ranar abin da na gani shi ne gurguntata ta zama abin wasan yatsu a ɗakin Bature, abokina yana taya shi.

Akwai masu sanda da suke zagaya kasuwa lokacin salla suna sa a rufe shaguna. Na san ɗaya daga cikinsu, yakan tsaya wurin mai tsiren unguwarmu. Washegari bayan azahar na tare shi, da guntun Larabcina na ce akwai Nasara a gida kaza da kayan kiɗa a ɗakin da tagarsa ke kallon Harami, yana koya wa mutane. Ya tambaye ni ko mutumin yana salla. Na ce sai in ana kallonsa. Wannan ƙarya ce tsagwaronta, na sha ganin hawayensa a jikin katako in mun sauke shi. Na gaya wa kaina allon kawai za su ɗauke, su hana Ila hawa benen, kowa ya koma inda yake. Ba zan ce ban san abin da askar, wato ɗan sanda, yake fara tambayar baƙar fata ba. Na sani sarai. Ajiye sanin na yi a gefe har na gama maganata.

Ba na wurin da suka zo, mai gadin gidan ne ya ba mu labari. Da gari ya waye, da hantsi suka hau, mai sandan da askar biyu. Tsohon ya fito da takardar musuluntarsa mai hatimin alƙali, ya karanta musu Fatiha. Suka danna haƙoran allon ɗaya bayan ɗaya, suka kara kunne, suka juya shi suka girgiza, ba abin da ya fito. Ɗaya askar ɗin ya yi dariya ya ce abin da ba shi da murya ai ba kiɗa ba ne, suka ajiye masa kayansa, har suka ba shi haƙuri. Suna fita ne ɗayan ya waiwayo ya dubi Ila, ya ce ina iƙama.

Kafin la'asar an wuce da Ila Jidda. Tsohon ya sa muka ɗauke shi muka yi ta yawo da shi daga wannan ofis zuwa wancan, yana magana da hannu da ido, ba mai fahimtarsa, don bakinsa ne aka kama. Dattawan Jarwal suka yi nasu ƙoƙarin, bai yi ba. Suka zauna a kan wanda ya jawo hukuma, zargi ya faɗa kan mai gadin gidan, wani Babarbare da ba ruwansa, aka daina amsa masa sallama. Ina zaune a wurin, na bari laifina ya hau kansa. Bayan mako biyu wani direba ya zo da saƙo daga Ila, an sa su a jirgin ruwa zuwa Sudan. Ya ce a gaya mini in riƙe masa Inna kafin ya dawo, ba wanda ya yarda da shi sai ni.

Baba Sale ya mayar da ni goshi, don ba wanda ya iya a cikin sauran. Na samu finjalina. Ni na ba da tako ranar da tsohon ya yi ɗawafin bankwana. Yatsun ba su motsa ba ko sau ɗaya, zagaye bakwai katakon shiru a kaina, ban taɓa ɗaukar abin da ya kai shi nauyi ba. Da muka sauke shi ya riƙe hannuna ya yi magana mai tsawo yana kallon cikin idona. Ba mai fassarawa. Ko godiya ce, ko saƙo ne ga Ila, ko kuwa kunnen da ya ji ƙafata ya ji sauran, har yau ban sani ba. Ban sake jin labarinsa ba. Muryar fiyano kuwa sai bayan shekaru masu yawa na fara jin ta, a talabijin ɗin wani shagon aski, wani mai baƙar kwat yana zaune yana yi. Kamar ruwan sama a kan rufin kwano, amma ruwan da kowane ɗigo ya san inda zai faɗa. Na tashi da rabin aski na fita. Yau abin da na kai ƙara a kansa yana cikin wayar kowane yaro a garin nan, da muryarsa da komai, ba mai ko waiwayawa.

Wasiƙa biyu Ila ya aiko. Yana dako a bakin teku, yana neman jirgin da zai tsallako da shi, amma an tsaurara hanya, ba kamar lokacin da muka shigo ba. Daga nan shiru. Wani alhaji daga wajensu ya ce ya ji zazzaɓi ya kashe shi a can, wani ya ce a'a, an gan shi. Muka ɓoye wa Inna na farkon, muka gaya mata na biyun.

Na riƙe ta. Ni nake kawo mata ruwa, ni nake kai gyaɗarta, da na yi aure matata ce take yi mata wanka. Ranar Juma'a in goya ta zuwa Harami. Unguwa duka ana misali da ni. Ita kuwa ta ɗauki wata al'ada tun ranar da aka tafi da shi. Duk sanda na ajiye mata abinci sai ta lalubo hannuna ta sa mini albarka, ta sa wa 'ya'yan da zan haifa, sannan ta juya fuskarta wajen alƙibla ta ce Allah ya isa tsakaninta da wanda ya raba ta da Ila, kada ya ga rahama ranar da yake nemanta. Sai ta ce, "Ka ce amin, ɗana." In ce amin. Safe da yamma, shekara shida.

Ranar da za ta rasu da hantsi ta kira ni. Numfashinta ya yi sama, hannunta ba nauyi. Ta fara addu'ar tata kamar kullum, da ta zo kan rabi na biyu na ce, "Inna, tsaya. Mutumin nan da kike faɗa, akwai maganar da nake so in yi miki a kansa."

Ta ɗan matse yatsuna. Ta ce, "Na san abin da za ka ce. Kai zuciyarka taushi gare ta, so kake in yafe masa kafin in tafi. Da kaina kaɗai ya cuta, da na yafe don kai. Amma yaron nan a bayansa ya kawo ni, bai samu ko zuba mini ƙasa ba. Bar ni da shi, mu haɗu can. Ka ce amin."

Matata tana tsaye a bakin ƙofa da kofin ruwa. Na buɗe baki, maganar tana nan a kan harshena, kalma uku ce kawai. Na ce amin.

Ta cika kafin azahar. Aka sallace ta a Harami bayan la'asar, muka kai ta maƙabartar Ma'ala. Da aka tambaya wa zai shiga ya karɓe ta, Baba Sale ya dafa kafaɗata ya ce ga ɗanta nan. Na shiga, na kwantar da ita a ƙasar da ta zo nema, na juya fuskarta alƙibla da hannuna. A hanyar dawowa mutane suka yi ta tare ni ɗaya bayan ɗaya, suna riƙe hannun suna cewa Allah ya saka mini da abin da na yi.